EKS, GKE ko AKS: a ina ya kamata mu kafa Backstage?

Makon jiya bayan la'asar wani ƙanena a sana'a ya same ni a ofis a Wuse II, kwamfuta a hammata. Kamfaninsu yana Utako, suna gina wa 'yan kasuwa manhajojin biyan kuɗi da na lissafin kaya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, oga ya ce a kafa mana Backstage kafin ƙarshen wata. Wasu na cewa EKS, wasu GKE, shi kuma akawunmu na cewa AKS tunda dama Microsoft muke biya. Wanne za mu ɗauka?" Na ce ya zauna a kawo masa ruwa, domin maganar ba ta tsaye ba ce. Abin da muka tattauna ranar shi ne na ga ya dace in rubuta, saboda na san ba su kaɗai ke da wannan tambaya a Abuja ba. EKS na Amazon, GKE na Google da AKS na Microsoft duk hidimomi ne na hayar Kubernetes, tsarin da ke tayar da manhajoji a kan tarin kwamfutoci yana kula da su; wannan tarin shi ake kira kilasta.

Ga wanda bai san shi ba, Backstage dandali ne na cikin gida da masu gina manhaja ke shiga su ga duk abin da kamfaninsu ya mallaka a wuri ɗaya. Kamfanin Spotify ne ya gina shi don kansa, ya sake shi kyauta a watan Maris na 2020, daga baya ya miƙa shi ga gidauniyar CNCF, wadda ita ce kuma ke riƙe da Kubernetes. Zuciyarsa ita ce kundin manhajoji: kowace manhaja tana da ƙaramin fayil mai suna catalog-info.yaml a cikin ma'ajiyar kod ɗinta, inda aka rubuta sunanta, wane rukuni ke da ita, da waɗanne manhajoji take dogaro. Akwai kuma samfuran fara sabon aiki, da TechDocs mai tattara takardun bayani. Duk wanda ya taɓa tashi ƙarfe biyun dare yana kiran waya yana tambayar "wa ke da wannan sabar?" ya san amfanin irin wannan kundi.

Sai dai akwai abin da masu tallarsa ba su cika faɗa da ƙarfi ba. Backstage ba kaya ba ne da ake saya a kunna. Ginshiƙi ne da kake ɗora naka gini a kai. Ka fara da umarnin create-app, ya haifar maka da ma'ajiyar kod ta TypeScript, gaba React, baya Node.js, kuma daga ranar kod ɗin naka ne. Kai za ka haɗa shi cikin kwantenar Docker, wato ƙunshin da ke ɗauke da manhaja da duk abin da take buƙata don ta gudana, kai za ka ƙara masa kayan haɗi, kai za ka bi sabbin sigogin da ke fitowa kusan kowane wata. Na ja hankalin ƙanen nawa a kan wannan tun kafin mu taɓa maganar gajimare, wato hayar kwamfutoci ta intanet, saboda wanda zai riƙe dandalin shi ne yawanci kuma zai riƙe kilastar da ke ƙarƙashinsa. Idan kilastar ta cinye masa lokaci, dandalin ne zai mutu a tsaye.

Abin da Backstage ke buƙata a wajen zama kaɗan ne. Kwanso ɗaya ko biyu, wato ƙaramin mazaunin da Kubernetes ke sa kwantena a ciki, yana saurare a ƙofa ta 7007. Rumbun bayanai na PostgreSQL. Wurin ajiye takardun TechDocs. Ƙofar shiga daga waje mai satifiket. Hanyar tantance ma'aikata. Wurin ɓoye makullai da kalmomin sirri. A kan waɗannan ne gidajen uku suka bambanta, kuma a kansu zan auna su.

Na fara da EKS na Amazon, don shi ne mutanenmu suka fi sani. Ya fito ga kowa a watan Yunin 2018. Ƙwaƙwalwar kilasta, ɓangaren da Amazon ke kula maka da shi, ana biyan ta senti 10 a kowace awa, kusan dala 73 ke nan a wata, ko da kwanso ɗaya tak kake gudanarwa. Wannan ba ya cikin kuɗin kwamfutocin da ke ɗaukar kaya, ko mai rarraba cunkoso, ko mashigar NAT, ƙofar da kilasta ke bi ta fita intanet, wadda ake cajin ta a kan awa kuma a kan kowane gigabait da ya ratsa ta. Mashigar nan ita ce ɗan hakin da ka raina, domin Backstage ba ya hutawa: kowane 'yan mintuna yana fita GitHub ko GitLab ya duba ko wani fayil ya canza.

Halin EKS shi ne ya ba ka fili da bulo, ya bar maka ginin. A tsarinsa na asali, kai za ka saka manhajar da ke ƙirƙirar mai rarraba cunkoso, kai za ka saka direban faifan EBS, kai za ka tsara yadda kwamfutoci za su ƙaru ko su ragu, ko da Karpenter ko da waninsa. Kowane kwanso yana karɓar adireshi daga cikin gidan sadarwarka na VPC, don haka idan ka yanka zangon adireshi ƙarami tun farko, wata rana za ka ga kwanso ya ƙi tashi alhali akwai wuri a kwamfuta. Ba wa Backstage izinin karanta S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon, ba tare da ajiye makulli a fayil ba yana yiwuwa ta IRSA, ko ta Pod Identity da ya zo ƙarshen 2023 ya sauƙaƙa lamarin. A Disambar 2024 Amazon ta fito da Auto Mode, wanda ke ɗauke maka yawancin wannan ɗawainiya, amma da ƙarin kuɗi a kan kowace kwamfuta.

Wurin da na fi gargaɗin mutane a EKS shi ne tsufan siga. Kubernetes na fitar da siga uku a shekara. Amazon na tallafa wa kowace siga wata 14 a farashin da aka saba, daga nan kilastar ta shiga ƙarin wa'adi na wata 12 inda awa ke komawa senti 60. Dala 73 ta zama 438 a wata, ninki shida, ba tare da an ƙara maka komai ba. Kilastar dandalin cikin gida ita ce irin wadda ake mantawa da ita, tunda ba ita ke kawo kuɗi ba. Na taɓa ganin wani ofis da sai da takardar kuɗi ta iso teburin akawu kafin kowa ya tuna da ita, kuma ban ji daɗin yadda aka ɗora wa yaro ɗaya laifin ba, alhali ba a taɓa ware masa lokacin sabuntawa ba.

Duk da haka, idan manhajojinku dama a Amazon suke, EKS na da hujja mai ƙarfi. RDS zai riƙe PostgreSQL, S3 zai riƙe takardu, kuma Backstage na iya leƙa sauran kilastocinku ya nuna wa kowane rukuni halin da kwansonsu ke ciki, ta hanyar izinin IAM da kuka riga kuka saba da shi. Akwai kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye: a Janairun 2025 Amazon ta fara karɓar biya da naira. Wanda ya sha wahalar neman katin dala mai aiki a ƙarshen wata ya san nauyin wannan.

GKE na Google shi ne babban wansu. A gidan Google aka haifi Kubernetes a 2014, GKE kuma ya fito a Agustan 2015, shekara uku kafin sauran biyun. Ana jin wannan a hannu. Kilasta na tashi da ƙofar shiga, da faifai, da hanyar ƙaruwa duk a haɗe. Kuɗin kulawa senti 10 ne a awa kamar na Amazon, amma kowane asusun biya na samun rangwamen dala 74.40 a wata, wanda ke shafe kuɗin kilasta ɗaya ta yanki guda ko ta Autopilot. Ga kamfanin da kilasta ɗaya kawai yake so saboda Backstage, ƙwaƙwalwar ta zama kyauta ke nan.

Autopilot, wanda ya zo a Fabrairun 2021, shi ne abin da ya fi dacewa da irin wannan aiki a ganina. Ba ka zaɓen kwamfuta, ba ka faci, ba ka tashi dare saboda faifan wata kwamfuta ya cika. Ka rubuta yawan ƙarfin sarrafawa da ƙwaƙwalwar da kwansonka ke nema, a caje ka daidai da abin da ka nema. Sabunta siga kuma na tafiya da kansa ta tashoshin Rapid, Regular ko Stable, kai dai ka ware lokacin da ka yarda a taɓa, misali daren Asabar. Yana da sharuɗɗa: ba ya barin kwantena mai cikakken iko a kan kwamfuta. Wannan na taɓa Backstage a wuri ɗaya, wato TechDocs, wanda a tsarin gwaji yake son kunna Docker daga ciki don ya gina takardu. Maganin shi ne abin da masu Backstage ɗin kansu ke ba da shawara: a gina takardun a layin CI, wato injin da ke gina kod da kansa duk lokacin da aka canza shi, a zuba su a Cloud Storage, dandalin ya karanta kawai. Ko a EKS ko AKS ma haka ya kamata a yi.

Wani abin da nake so a Google shi ne IAP, mai gadin da ke tsayawa a gaban manhaja ya tantance mutum da asusunsa na Google kafin ya bar shi ya ga ko da shafin farko. Backstage ya san yadda zai karɓi shaida daga gare shi. Ga kamfanin da wasiƙunsa ke kan Google Workspace, wannan na nufin dandalin da ke ɗauke da taswirar duk cikin gidanku ba ya tsaye tsirara a intanet. Amazon na da makamancin haka ta mai rarraba cunkoso na ALB, kuma yana aiki, sai dai haɗa shi ya fi cin lokaci. Raunin GKE a nan gida shi ne hannu: a Abuja za ka fi saurin samun wanda ya goge a Amazon ko Microsoft. Kuma idan duk kayanku suna wani gida, ɗauko dandali kaɗai a kai Google na nufin asusu na biyu, takardar kuɗi ta biyu, da tsarin izini na biyu da wani zai koya.

AKS na Microsoft ya fito a wata ɗaya da EKS. Yana da matakin kyauta inda ba a cajin ƙwaƙwalwar kilasta, amma babu alkawarin diyya idan ta tsaya. Matakin Standard senti 10 ne, Premium mai dogon tallafi senti 60. Ga dandalin cikin gida matakin kyauta na iya isa, saboda ko ƙwaƙwalwar ta ɗan yi tuntuɓe, kwanson da ke gudana ba sa faɗuwa nan take. Amma ainihin ƙarfin AKS yana wajen Entra ID, wanda aka sani da Azure AD kafin 2023. Abuja gari ne na ma'aikatu da hukumomi da ƙungiyoyin agaji, kuma da yawansu a Outlook da Teams suke rayuwa. Backstage na da hanyar jawo sunayen ma'aikata da rukunoninsu kai tsaye daga Microsoft Graph zuwa cikin kundi. Ma'anarsa, ranar da aka sallami mutum ko aka canza masa sashe, dandalin zai sani ba tare da wani ya gyara da hannu ba. Kundin da ke cewa manhaja ta wane ce, alhali wane ya bar aiki tun bara, ya fi rashin kundi illa. Ya kamata dai a sani cewa ana iya amfani da Entra ID ko da dandalin yana EKS ko GKE, don haka biyan kuɗin Office kaɗai bai wajabta AKS ba. Na gaya wa ƙanen nawa ya faɗa wa akawunsu haka cikin ladabi.

DigitalOcean, wani kamfanin gajimare da shi ma ke ba da hayar Kubernetes, ba zan daɗe a kansa ba. Ƙwaƙwalwar kilastarsa kyauta ce, farashinsa a fili yake, kuma yana da PostgreSQL mai kulawa. Ba shi da cibiya a Afirka, sai dai Landan, Amsterdam ko Frankfurt. Ga ƙaramin kamfani mai zaman kansa zaɓi ne mai mutunci.

Maganar wuri ta fi rikitarwa fiye da yadda taswira ke nunawa. Dukkan manyan ukun suna Afirka ta Kudu: Microsoft ta buɗe a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon a Cape Town a Afrilun 2020, Google a Johannesburg a Janairun 2024. Mutum zai ɗauka can ya fi kusa. Amma bayanai ba a jirgin sama suke tafiya ba. Daga Abuja sai sun gangara Legas tukuna, daga nan su bi wayoyin ƙarƙashin teku, kuma tsofaffin wayoyin namu Turai suka nufa: MainOne zuwa Fotugal, Glo-1 zuwa Ingila. WACS da Equiano na Google, wanda ya iso Legas a 2022, suna cikin waɗanda ke bin gaɓa har Kudu. Wace hanya bayananka za su bi ya danganta da kamfanin da ke ba ka intanet. Saboda haka kada ka yarda da kowa, har da ni. Ka tayar da ƙaramar kwamfuta a Landan, wata a Afirka ta Kudu, ka auna jinkiri daga ofishinku da kuma daga layin wayar da ma'aikata ke aiki da shi a gida, Kubwa ne ko Gwarinpa. Gani ya kori ji. Ka kuma duba farashi, don Cape Town na Amazon ya fi cibiyarsa ta Ayalan tsada.

Amazon na da ƙaramin reshe a Legas tun farkon 2023, wanda ke rataye da shiyyar Cape Town, kuma ayyukan da ke cikinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da cikakkiyar shiyya. Ƙanen nawa ya yi murna da jin haka, sai na taka masa birki. Backstage mai yawan magana ne da rumbun bayanansa. Idan kwanso yana Legas, PostgreSQL yana Cape Town, kowace tambaya sai ta yi tafiyar teku ta dawo, kuma shafi ɗaya na iya yin tambayoyi da yawa. Gara su zauna ɗaki ɗaya a nesa da a raba su. Mu kuma tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Yammacin Afirka. Duk takardar da ke bayanin abin da za a yi idan komai ya tsaya, a ajiye kwafinta a wajen dandalin.

Idan hukumar gwamnati ce ko mai yi mata kwangila, kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an zauna da lauya. Dokar kare bayanai ta 2023 da hukumar NDPC ke aiwatarwa ta yi magana a kan fitar da bayanan mutane waje, kuma kundin Backstage na ɗauke da sunaye da adireshin wasiƙa na ma'aikata. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, na da ƙa'idojinta a kan inda bayanan gwamnati ke zama, ga kuma Galaxy Backbone, kamfanin gwamnati mai riƙe wa hukumomi bayanai, nan cikin gari. Wani lokaci wannan ne zai yanke hukunci, ba injiniya ba.

Sai kuɗi. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk abin da aka yi wa farashi da dala, ko da naira kake biya, yana hawa da ita. Ka lissafa komai tare: ƙwaƙwalwa, kwamfutoci, rumbun bayanai, mai rarraba cunkoso, fitar bayanai, da harajin VAT na kashi 7.5. Sau da yawa za ka tarar PostgreSQL mai kulawa ya fi kwanson Backstage ɗin kansa tsada. A nan ne ake jarabtar mutum ya bar rumbun a cikin kilasta, tunda kunshin Helm na Backstage, wato shiryayyen tsarin girka shi a kilasta, na iya tayar da shi da layi ɗaya. Don gwaji babu laifi. Don aikin gaske, araha ba ta ado: ka biya RDS, Cloud SQL ko na Azure, a riƙa yi maka ajiyar ko-ta-kwana. Ka kuma lura, Backstage na ƙirƙirar rumbu daban ga kowane kayan haɗi, don haka asusun da ka ba shi sai yana da ikon ƙirƙira, in ba haka ba ka saita pluginDivisionMode zuwa schema. Mutane da yawa sun kwana a kan wannan ƙaramin abu.

Da muka zo nan sai na yi masa tambayar da ta fi duka: kuna da Kubernetes a yanzu? Idan amsar a'a ce, ina ganin kuskure ne a tayar da kilasta sukutum saboda kwantena ɗaya. Cloud Run na Google, ECS tare da Fargate na Amazon, ko Azure Container Apps na Microsoft, masu gudanar da kwantena ba tare da ka riƙe kilastar Kubernetes ba, za su ɗauki Backstage. A Cloud Run sai a tabbatar akwai aƙalla guda ɗaya a kunne koyaushe da ƙarfin sarrafawa a buɗe, saboda aikin sabunta kundi a bayan fage yake gudana. Akwai kuma masu riƙe maka Backstage gaba ɗaya kamar Roadie, da Red Hat Developer Hub ga masu OpenShift. Kuɗinsu na iya yi wa mutum yawa a ido, har sai ya lissafa albashin injiniyan da zai ba da rabin watansa.

Ga inda na tsaya. Wanda kayansa ke Amazon kuma yana da mutum aƙalla biyu da suka san EKS, ya saka Backstage a kilastar da yake da ita, a keɓe masa sashensa, kada ya tayar da sabuwa. Wanda ma'aikatansa ke Entra ID kuma manhajojinsa ke Azure, AKS ne nasa ba gardama. Wanda ke farawa daga fili, hannu kaɗan, kuma ya dage sai Kubernetes, GKE Autopilot nake ba shi, saboda shi ne ya fi barin mutum ya fuskanci dandalin maimakon abin da ke ƙarƙashinsa.

Su mutanen Utako ashe suna da kilastar EKS guda biyu a Ayalan, ta gwaji da ta aiki, kod ɗinsu kuma yana GitHub. Maganar ta zo da sauƙi. Muka zana a takarda: sashe na musamman a kilastar gwaji, ƙaramin RDS, bokitin S3, shiga ta Entra ID tunda can sunayen ma'aikata suke, a kuma kashe shigar baƙo kafin a buɗe wa kowa. Na ce kada ya haɗa GitHub da makullin kansa, ya yi rajistar GitHub App, domin makullin mutum ɗaya buƙata 5,000 kawai aka yarje masa a awa, kuma ranar da ya bar aiki dandalin zai makance.

Ya miƙe yana tattara kaya, na ce, "Ƙanena, ka gaya wa oga a ba ka kwana biyu a kowane wata don sabuntawa, a rubuce, tun yanzu. Kuma kafin ka taɓa Helm, ka zaɓi manhajoji goma, ka bi masu su tebur-tebur a rubuta catalog-info.yaml." Ya ce akwai guda uku da bai san mai su ba. Na ce da su zai fara ranar Litinin.